Kotso a Cikin Memori: Saɓanin Manya da Matasa kan Waƙa a Yammacin Zamfara

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da wannan karin magana ake rufe bakin dattijo idan ya fara kukan cewa waƙa ta mutu tun ranar da su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka kwanta dama, a ce masa ai halin tsufa ne. A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, ina ganin an yi gaggawar sallamar wannan ƙara. Abin da maƙalar nan za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, saɓanin ya wuce batun abin da kunne ke so. Manya sun san waƙa a fage, wato ƙofar fada da gonar gayya da filin dambe da dandali. Matasa sun tashi sun iske fagen a rufe, waƙa ta koma cikin waya. Sunan mawaƙi dattijo ke ambata, amma rabin kewarsa ta wurin da ya tsaya ya ji shi ce.

Ya kamata a fara sanin irin ƙasar da ake magana a kai. Ƙananan hukumomi 6 ne suka haɗu suka yi mazaɓar sanata ta Zamfara ta Yamma: Anka, Bakura, Bukkuyum, Gummi, Maradun da Talata Mafara. A ƙasar Bakura aka haifi Musa Ɗanƙwairo, da Maradun aka san shi, ya rasu a 1991. Sa'idu Faru ɗan ƙasar Maradun ne, makaɗin Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. In aka matsa gabas da arewa ga Salihu Jankiɗi na Rawayya, da Sani Sabulu na Kanoma, da Kassu Zurmi, da Ibrahim Narambaɗa na Tubali wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa. Ga kuma fadoji uku a tsakiyar batunmu: ta Sarkin Zamfara a Anka, ta Sarkin Mafara a Gummi, ta Sarkin Danko a Bukkuyum. Dattijon da ke kewa a nan maƙwabtansa yake kewa, mutanen da suka yi waƙa da irin Hausar da yake magana da ita.

Akwai bayani na ilimi da ke goyon bayan masu cewa halin tsufa ne. A 1989 wasu masana biyu a Amurka, Morris Holbrook da Robert Schindler, suka kunna wa mutane masu bambancin shekaru waƙoƙin da suka yi tashe a lokuta daban-daban, suka gano cewa mutum ya fi ƙaunar waɗanda suka fito yana wajen shekara 24. Ba ni da ja da wannan. Sai dai in aka ɗora shi a kan Zamfara, lissafi yana fito da wani abu. Narambaɗa ya rasu a wajajen 1960, don haka duk wanda ya gan shi da ido yana saurayi, yau ya doshi shekara 90. Masu cika majalisa da zancensa kuwa 'yan 55 zuwa 70 ne, waɗanda suka san shi ta Rediyon Kaduna da Rima Rediyo da kaset. Ashe zamanin da suke bege zamani ne mai ƙafa biyu: suna jin mamata a akwatin rediyo, suna kuma ganin rayayyu irin su Ɗanƙwairo da Shata a wurin naɗi ko biki.

Lissafin ya kuma nuna cewa tsara uku ce ake magana a kai, ko da yake biyu ake ƙirgawa. Wanda aka haifa a 1980 ya yi samartakarsa a zamanin fiyano da waƙoƙin finafinan Kano, waɗanda fim ɗin Sangaya ya buɗe wa kasuwa a ƙarshen shekarun 1990. Yau shi ma ya fara cewa "waƙoƙin da", kuma abin da yake nufi shi ne abin da mahaifinsa ya kira rawar Indiya. Shi ne kuma ke yamutsa fuska in ƙanensa ya kunna Hamisu Breaker ko Ado Gwanja daga TikTok.

To mene ne fagen da ake kewa? A ɗauki makaɗin kotso a ƙofar fada ranar salla. Jagora ne a gaba, 'yan amshi a bayansa kowa da kotsonsa a rataye, sanƙira na gefe yana ƙara wa magana gishiri. Jagora zai ɗauko zance ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, sannan a koma gindin waƙa. Kowane ɗa na waƙar da wanda ake nufi da shi, kuma mutumin yana nan zaune. In an yi yabo, jama'a na kallon wanda aka yaba. In an yi zambo, ba a faɗi suna ba amma kowa ya san ɗan sarkin da ya nemi sarauta ya rasa, ana satar kallonsa. Kyauta ma a bainar jama'a ake yin ta, riga ko doki, kuma baɗi za ta shiga waƙar ta zama sabon ɗa. Saboda haka waƙar fada ba ta da ranar gamawa, tana girma ne da shekarun sarki. Abin da rediyo ya ɗauka yi ɗaya ne daga cikin yi masu yawa, na rana guda, sai ya zama shi ne waƙar har abada. Haka abin yake ga gangar noma da ke bin 'yan gayya kunya-kunya tana kiran taken kowane manomi, da kalangun Ɗan Anace da ke tsima ɗan dambe Shago kafin ya shiga fili. Nazarce-nazarcen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun karkasa makaɗa ne bisa waɗanda suke yi wa kiɗa, na fada da na sana'a da na maza da na jama'a, kuma wannan rabo da kansa shaida ne cewa kowane kiɗa da jama'arsa yake tafe.

Abu uku suka rufe wannan fage, ɗaya bayan ɗaya. Na farko gyaran mulki ne. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, a 1976 kuma aka kafa ƙananan hukumomi. Basarake ya rage da rawani da albashi, hannun kyauta ya koma wurin attajirai da 'yan siyasa, makaɗa suka bi shi. Ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ya ɗaga darajar fadojin Anka da Gummi da Bukkuyum, amma ya same su bayan manyan makaɗan sun riga sun tafi.

Na biyu shi ne shari'ar da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar a Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Wuraren kiɗan dare na bariki suka watse, taron da ke cakuɗa maza da mata ya shiga idon hukuma, makaɗan goge da kalangu da dama suka rage fita. Rahoton da ƙungiyar Freemuse ta fitar a 2003 ya bi diddigin irin wannan matsi a jihohin Arewa. A nan sai a yi hattara, don ƙyamar malamai ga kiɗa ta girmi Yarima nesa ba kusa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara a shekarun 1780, kuma a Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin aibin sarakunan Hausa. Duk da haka a inuwar daular da ya kafa ne kiɗan fada ya kai ƙololuwa, har Jankiɗi ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Sabon abu a 2000 shi ne ƙyamar ta sami doka da ma'aikata.

Na uku ya fi sauran muni, kuma shi ya bambanta yankin nan da Kano ko Zariya. Tun wajajen 2011 satar shanu ta rikiɗe ta zama ta'addancin 'yan bindiga. A ƙauyen da sai an biya kuɗi kafin a shiga gona, wa zai tara gayya ya sa a buga ganga a ji daga nesa? Wasan dare ya mutu, biki ya koma na rana a gaggauce. A Satumban 2021 aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a faɗin jihar, a Janairun 2022 aka yi kisan gilla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A garin Anka, ginin sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba ya zama matsugunin 'yan gudun hijira. Yaron da aka haifa a 2003 a wani ƙauyen Bukkuyum yana iya kai shekarun aure bai taɓa ganin an yi kalankuwa ba. Cewa ya ƙi kiɗan gargajiya zalunci ne, tun da ba a taɓa ba shi zaɓi ba.

Inda ya san waƙa shi ne shagon caji da turi a bakin kasuwa: teburi cike da wayoyi a jere, janareta ko farantin sola, da tsohuwar kwamfuta da aka raba wa kaya gida-gida, nan wa'azi, nan bege, nan na fim, nan siyasa, nan gargajiya. Abin lura shi ne dattijo ma nan yake zuwa. Zai zaro memori daga ƙaramar rediyonsa ya ce, "Yaro, sa mini Ɗanƙwairo da Ɗan Anace, kada ka haɗa mini da na 'yan fiyano." Mai shagon, wanda bai kai shekara 25 ba, shi ya san inda Bakandamiyar Narambaɗa take, shi ya san wace ce mai tsafta wace ce mai shashshaka. Taskar waƙoƙin da tana hannun tsarar da ake zargi da kashe su, kuma ba a taɓa samun lokacin da jin Narambaɗa ya yi sauƙi da araha kamar yau ba.

Hujjar da manya suka fi dogara da ita, wato tarbiyya, ita ce mafi rauni. Suna cewa waƙar da akwai hankali, ta yanzu shirme da batsa. Amma zamanin da ya ba mu Bakandamiya shi ya ba mu Gambo mai waƙar ɓarayi, da Kassu Zurmi mai zuga 'yan tauri, da waƙoƙin Shata na mashaya, da zambon da ba ya faɗuwa a gaban surukai. Waƙoƙin yabon 'yan bindiga da suka yi yawo a wayoyi a 'yan shekarun nan abin ƙyama ne, sai dai ba daga sama suka faɗo ba. Makaɗin Hausa ya daɗe yana bin mai ƙarfi da mai kyauta. Ƙwaƙwalwa tana tankaɗe, ta riƙe gari ta zubar da tsaki, sannan a auna garin jiya da abin yau da ba a tankaɗe ba.

Inda nake ganin manya suna da gaskiya shi ne harshe. Waƙar fada cike take da salsalar sarakuna da sunayen garuruwa da karin magana, kuma da Hausar yamma aka yi ta, mai "munka" da "sunka". Waƙar situdiyo kusan duk da Hausar Kano ake yin ta, ko daga ina mawaƙin ya fito, don can kasuwa take. Saurayin Gummi yana magana da harshen Sa'idu Faru a gida, yana rera soyayya da harshen Nura M. Inuwa, kuma a hankali yana koyon ɗaukar na farkon a matsayin ƙauyanci. Wannan asara ce ta gaske. An kuma yi asarar amshi: aikin da mutum shida ko bakwai ke yi da numfashi ɗaya, yanzu na'ura ke maimaita shi.

Matasa su ma da abin da suka samu. Waƙar fada daga ƙasa take kallon sama, talaka a cikinta mabiyi ne. Waƙar soyayya ta zamani ta ba saurayi da budurwa bakin cewa "ni", ta kuma shiga ɗakin matar kulle da ba ta taɓa tsayawa a ƙofar fada ba. Tsohon salo ma bai mutu ba. Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa sun ɗora yabon sarauta a kan fiyano, kuma matasa sun karɓa hannu bibbiyu. Dauda Kahutu Rarara kuwa, in aka cire kayan kiɗan, aikin makaɗin fada yake yi sak: ubangida, yabo, zambon abokin hamayya, kyautar mota a maimakon doki. Dattijon da ke jin daɗin habaicin Ɗanƙwairo yana tsaki da na Rarara, ya kamata ya faɗa mana a ina bambancin yake, a fasaha ko a wanda ake yi wa.

Saura wani ɓangare da muhawarar ba ta cika taɓawa ba. Manyan makaɗa sun tsira: an ɗauke su, an rubuta su, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi guda a kan Narambaɗa. Amma kowace gunduma tana da nata makaɗan, na hakimi da na noma da na mahauta da na 'yan mata, waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya ba. Waƙoƙinsu suna bakin tsofaffin da suka yi musu amshi ko suka yi noma da gangarsu, kuma da yawan waɗannan tsofaffi yau suna zaman hijira a cikin garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum. Ko waɗanda ke cikin memori ma, babu shekara, babu sunayen 'yan amshi, wani lokaci sunan mawaƙin ma kuskure ne, kuma mai turi ba zai iya faɗin wane ne aka yi wa zambo a ɗa na biyar ba. Ɗalibin Hausa daga jami'ar Gusau ko ta Sakkwato da zai zauna da mutanen Gwashi ko Adabka ko Bagega da waya a hannu, ya bi waƙa ɗa bayan ɗa yana tambayar wane ne wannan, me ya faru a shekarar, zai tattara abin da babu shi a kowane kundi.