Rawar Mata Ta Girmi Fim

'Yan uwana mata, nakan ji yaran yanzu suna cewa wai rawa a finafinan Indiya muka koyo ta. Haba jama'a! Fim ɗin bidiyo na Hausa na farko, Turmin Danya, sai a 1990 aka yi shi a Kano. To kafin nan fa?

A nan Kausani da sauran ƙauyukan Wudil, idan farin wata ya fito, 'yan mata kan cika dandali su yi gaɗa. Tafin nasu ne, waƙar tasu ce, ba ruwansu da makaɗi. Matan aure kuwa cikin gida suke nasu, ranar biki ko suna, a kifa ƙwarya a ruwa a yi ta kaɗawa. Wannan kiɗa shi Uwaliya Mai Amada ta shahara da shi a Kano. Bayanta Barmani Choge ta Funtuwa ta riƙe shi, tana zaburar da mata su kama sana'a, har ta rasu a 2013.

Su an ɗauki muryarsu a kaset. Waƙoƙin gaɗa fa, yawancinsu a bakin tsofaffi kawai suka rage. In kakarki na raye, zauna ta rera miki, ki rubuta. Allah ya sa mu dace.