Asalin Sana'ar Gyaran Hitar Ruwa

Na'urar dumama ruwan wanka a gida ta girmi shigar lantarki cikin gidaje, domin a shekarar 1868 ne Benjamin Waddy Maughan, wani mai fenti a Landan, ya ƙera wadda ke aiki da iskar gas, sai dai ba ta da bututun fitar da hayaƙi, abin da ya sa wanka da ita ya zama kasada. A 1889 Edwin Ruud, injiniya ɗan Norway da ke zaune a Pittsburgh ta Amurka, ya fito da tanki mai adana ruwan zafi wanda ke kunna kansa ya kuma kashe kansa, kuma wannan siffa ce hitar lantarki ta gada.

Lantarki bai karɓi aikin sosai ba sai da aka sami waya mai jure zafi ba tare da ta ƙone ba, wato nikurom, gaurayen nikel da kuromiyam, wanda Albert Marsh ya yi wa rajista a 1906. Wannan waya, a cikin bututun ƙarfe da ke nutse a ruwa, ita ce masu gyara ke kira elemen, kuma ita aka fi sauyawa, ko dai saboda ɓawon ma'adinai da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari ya lulluɓe ta, ko kuma saboda an kunna hita alhali tankin ba ruwa, wanda kan faru a garuruwan da famfo ke yawan ɗaukewa.

Babban abokin gabar tankin kuwa tsatsa ce, kuma maganinta daga teku ya fito. A 1824 Humphry Davy ya nuna cewa idan aka manna tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ke rufe jiragen ruwan yaƙin Ingila, su ne tsatsa za ta ci, jan ƙarfen ya tsira. Sandar magnesiyam da ke rataye cikin hita, wadda ake kira anod, wannan aikin take yi, ana barin ta ta zagwanye domin tankin ya daɗe. Kamfanin A. O. Smith ya ƙara wata kariya a 1936 da ya yi rajistar tanki mai shafen gilashi a ciki, amma shafen ba ya rasa ƴan kafofi, don haka sandar ba ta daina amfani ba, ko da yake ita ce masu gida suka fi mantawa da ita.

Saboda haka sana'ar ta tsaya tsakanin mai gyaran famfo da mai gyaran wuta, ta kuma zama ta sauya sassa: elemen, da tamostat mai yanke wuta idan zafi ya kai iyakarsa, da bawul mai sakin ruwa idan matsi ya yi yawa. Tankin da tsatsa ta huda ne kaɗai ba a cika yi wa faci ba, domin walda na fasa shafen gilashin da ke kare shi.