Ina Kaburburan 'Yan NEPU Na Karaye?

Ranar 17 ga Afrilu 1983 Malam Aminu Kano ya rasu, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, Mambayya ke nan, da yanzu Jami'ar Bayero ke kula da shi. Nasa kabarin kowa ya sani. To, talakawan da suka ɗauko NEPU bayan kafa ta a 1950 suka kawo ta Karaye da Rogo fa? Kakana na cikinsu, ya sha bulalar 'yan doka saboda katin jam'iyya. Bara na je makabarta, wallahi tsofaffi biyu suka yi ta musu kan wane tudu ne nasa. Gefe guda kuma gona ta riga ta fara cin wurin.