Yadda Misirawan Dā Suka Riƙa Jan Duwatsun Gini



Duk sanda aka ɗora hoton dalar Giza a kafafen sada zumunta, sai mu ga an cika wurin da cewa aljanu ne suka gina ta, ko Samudawa, ko wasu halittu da suka sauko daga wata duniya. Wasunmu har sun fara shigar da wannan zance cikin rubutunsu tamkar tabbataccen tarihi. Alhali waɗanda suka yi aikin sun bar shaida, a zane da kuma a rubuce.

An gina babbar dalar ne domin Fir'auna Khufu, kimanin shekaru 4,500 da suka wuce. Tsayinta na asali ya kai mita 146, kuma an ƙiyasta cewa tubalan dutsen da ke jikinta sun kai miliyan 2.3, matsakaicin nauyin kowanne wajen tan biyu da rabi. Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya ce shekara 20 aka yi ana ginin. Idan muka ɗauki lissafinsa, kullum sai an ɗora tubala fiye da 300, wato in ana aikin awa goma, kusan duk minti biyu sai an aza ɗaya. Yawancin duwatsun a nan kusa da wurin ginin aka sassaƙo su. Farin dutsen da aka lulluɓe dalar da shi daga Tura aka kawo, a tsallaken Kogin Nilu. Manyan gungumen jan dutse da aka rufe ɗakin sarki da su kuwa, waɗanda wasu sun haura tan 50, daga Aswan suka fito, tafiyar kusan kilomita 800 daga kudu.

A kan tudu, jan dutsen ake yi. Taya ba ta da amfani a nan, domin rairayi zai haɗiye ta. Sai a ɗaure dutsen a kan wani dandamalin katako mai ƙafafu biyu dogaye da ke kwance a ƙasa, a ɗaura igiyoyi, mutane su ja. Mun san haka daga wani zane a kabarin wani hakimi mai suna Djehutihotep, a Deir el-Bersha, wanda ya rayu wajen shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A zanen ana ganin mutum 172 a jere suna jan wani ƙaton mutum-mutumi da aka ƙiyasta nauyinsa da tan 58. A gaban dandamalin ga wani mutum tsaye yana tuttula ruwa a ƙasa daga tulu.

Wannan mai tulun shi ne ya fi jan hankalinmu. An daɗe wasu masana na ɗaukar zuba ruwan a matsayin wata al'adar tsafi. A shekarar 2014 masu bincike a Jami'ar Amsterdam suka gwada abin a ɗakin gwaji, suka gano cewa busasshen rairayi taruwa yake yi a gaban katakon ya tokare shi, amma in aka jiƙa shi daidai misali sai ya ƙanƙame, ƙarfin da ake buƙata wajen ja ya ragu da kusan rabi. In ruwan ya yi yawa kuma, aikin sai ya ƙara wuya. Duk wanda ya taɓa tura baro a rairayi da rani, ya kuma tura bayan an ɗan yi yayyafi, ya san bambancin. Ashe mai zanen aikin yau da kullum ya zana, masu kallo ne suka kai shi nesa.

Doguwar tafiya kuwa ta ruwa ce. A nan ne muke so mu ɗan tsaya, saboda abin ya shafe mu a matsayin masu alƙalami. A 2013 wata tawaga ƙarƙashin Bafaranshe Pierre Tallet ta tono wasu takardun fafirus a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, kuma su ne mafi tsufan rubutattun takardun irinsu da aka taɓa samu. A cikinsu akwai littafin aikin wani jami'i mai suna Merer, wanda ke jagorantar mutane kimanin 40 a ƙarshen zamanin Khufu. Kullum yana rubuta abin da suka yi: ranar da suka yi lodi a Tura, inda suka kwana, ranar da suka isa Giza suka sauke. Ya ambaci wani tafki da jiragen ke shiga kusa da wurin ginin, ya kuma ambaci Ankhhaf, ɗan uwan sarki, a matsayin babban mai kula. Lokacin da Nilu ya yi ambaliya ruwa na cika magudanan da aka haƙa, jirgi ya kai dutse har kusa da gindin tsaunin da dalar take. Merer bai yi ado a rubutunsa ba, lissafin kwanaki ne kawai da abincin ma'aikata, amma ya fi shafuka dubu na hasashe amfani.

Saura ɗaga dutsen zuwa sama. An yarda cewa da tudu mai gangara da sandunan banƙara aka yi, sai dai masana sun rabu kan siffar tudun: wasu sun ce miƙaƙƙe ne, wasu sun ce zagaye dalar yake yi. A 2018 aka gano wani irinsa a mahaƙar dutse ta Hatnub, mai tsananin gangara, da matakala dama da hagu da ramukan da ake kafa turaku. Ana ganin a jikin turakun ake naɗa igiya don kada dutsen ya sulale baya.

Mutanen da suka yi wannan aiki suna da gari nasu a kudu da dalolin, inda Mark Lehner ya tono gidajen burodi da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da suka ci. A 1990 aka gano makabartarsu, kuma ƙasusuwan wasu sun nuna karaya da aka ɗora ta warke, da gadon baya da ɗaukar nauyi ya cinye. Ƙungiya-ƙungiya suke aiki, kowace da sunanta, suna kuma rubuta sunan da jan fenti a jikin dutsen da suka jawo. Ɗaya daga cikin sunayen, "Abokan Khufu", yana nan har yau a wani ƙuntataccen ɗaki da ke saman ɗakin sarki, inda magina ba su yi zaton wani zai sake shiga ba.