Daga Ɗakin Tiyata Zuwa Hammata: Tarihin Maganin Tsaida Zufa

A lokacin zafi na shekarar 1912, wata matashiya 'yar birnin Sinsinati mai suna Edna Murphey ta kama rumfa a wani baje-kolin kaya da aka yi a Atlantic City, a Amurka. Abin da ta kai wani jan ruwa ne a kwalba. Mahaifinta, Dakta Abraham Murphey, likitan tiyata ne, shi ya haɗa ruwan don hannuwansa su daina jiƙewa da zufa yayin da yake yi wa mara lafiya aiki. Edna ta gwada a hammatarta, ta ga ya yi, sai ta ranci dala 150 wajen kakanta ta shiga kasuwanci, ta raɗa wa ruwan suna Odorono. Kusan shekara biyu ta yi tana fama babu ciniki. A baje-kolin ma da farko ko kallon rumfar ba a yi. Zafi ne ya cece ta: da rana ta buɗe, riguna suka fara jiƙewa, sai mutane suka soma tsayawa suna tambaya.

Ba ita ta fara ba. Tun 1888 an fito da Mum a Filadelfiya, wani man shafawa da ake lakata da yatsa. A 1903 kuma aka fito da Everdry. Kayan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma har yau mutane da yawa na cakuɗa su, don haka bari mu ɗan tsaya a nan.

Jikin mutum yana da maɓuɓɓugan zufa tsakanin miliyan 2 zuwa 4. Mafi yawansu irin da ake kira ekrin ne, suna ko'ina a fata, sun fi yawa a tafin hannu da tafin ƙafa da goshi. Abin da suke fitarwa ruwa ne da ɗan gishiri, aikinsa sanyaya jiki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa idan ta tsatsafo iska ta busar. Iri na biyu, afokrin, yana hammata da matse-matsi, ba ya fara aiki sai an balaga, kuma abin da yake fitarwa yana da ɗan kauri, da maiƙo da furotin a ciki. Shi kansa ba ya wari. Bakteriyar da ke zaune a fata ce ke cin sa, abin da ta bari shi ne warin hammata. To Mum da bakteriyar yake yaƙi, wato mai kashe wari ne, irin wanda ake rubuta wa "deodorant" a jikin kwalba. Everdry da Odorono kuwa ruwan suke tarewa, su ne "antiperspirant", kuma sinadarinsu gishirin alminiyam ne. Mai kashe wari ko ka shafa kwalba guda ba zai hana rigarka jiƙewa ba.

Gishirin da aka fara da shi, alminiyam kulorayid, yana aiki ƙwarai, amma da tsada. Idan ya haɗu da ruwa asid yake zama. Odorono kan sa hammata ta yi ja ta yi raɗaɗi, yana ɓata riga da jan launinsa, wani lokaci ma ya cinye yadin gaba ɗaya. Saboda haka kamfanin ya ba masu saye umarni: kada a yi aski dab da shafawa, a shafa da dare kafin a kwanta, a bari ya bushe. Wanda ya bi wannan yakan samu har kwana uku ba zufa. A 1916 wani likitan fata a Shikago, Arthur Stillians, ya wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka cewa ruwa mai kashi 25 cikin 100 na wannan gishiri, idan ana ɗiɗɗiga shi a hammata duk bayan kwana biyu ko uku, yana rage zufar da ta wuce kima. Mai karatu ya riƙe waɗannan biyun, dare da kuma tazarar kwanaki, don za mu dawo kansu.

Babbar matsalar Edna ba asid ba ce, mutane ne. A zamanin, maganar zufa abin kunya ce, ba a yin ta a bainar jama'a. Mata kan liƙa wani ƙyalle ko roba a hammatar riga ya shanye danshin, a yi wanka, a fesa turare, shi ke nan. Ga kuma tsoron cewa tare zufa zai jawo cuta. Sai ta ɗauki kamfanin talla na J. Walter Thompson, aikin ya faɗa hannun James Webb Young, wanda kafin nan tallar littafin Baibul yake yi gida-gida. Tallarsa ta farko ta jaddada cewa likita ne ya haɗa maganin, ciniki ya ɗan tashi, daga baya ya tsaya cik. Da aka bi gidaje ana tambaya, sai aka gano mata sun san Odorono, amma kusan kashi biyu cikin uku suna ganin su ba sa buƙatarsa.

A 1919 Young ya sauya salo. Ya saka talla a mujallar mata ta Ladies' Home Journal, hoton mace da namiji a tsaye dab da juna, rubutun kuma yana nuna wa mace cewa mai yiwuwa tana wari ba ta sani ba, kuma ba wanda zai gaya mata, sai dai ta ga maza na ja da baya. Kusan mata 200 suka soke rajistarsu da mujallar don fushi. Amma cikin shekara guda ciniki ya ƙaru da kashi 112 cikin 100, ya kai dala 417,000. Zuwa 1927 ya kai dala miliyan ɗaya, a 1929 Edna ta sayar da kamfanin ga Northam Warren, masu jan farcen Cutex. Maza ba a waiwaye su ba sai 1935, da aka fito da Top-Flite.

A ganina wannan talla ce ta ɗauke abin daga layin magani ta mayar da shi layin kayan kwalliya. Abin da aka haɗa don likita mai jiƙaƙƙen hannu ya koma abin da kowa zai shafa don gudun abin kunya. Kuma tunda kunyar da rana ake jin ta, a cikin mutane, sai shafawar ta bi sahun turare: a yi wanka da safe, a shafa, a fita.

Masana sinadarai suka sauƙaƙa wannan ɗabi'a ba da niyya ba. A 1941 Jules Montenier ya yi rajistar wani haɗi da ke rage kaifin asid ɗin. A cikin shekarun 1940 kuma aka fara amfani da alminiyam kulorohaidiret, wanda ya fi sauƙi a fata da tufafi, shi ne har yau a yawancin kayan da ke kasuwa. A 1952 aka fito da Ban, rol-on na farko, wanda aka kwaikwayi ƙwallon bakin biro wajen ƙera shi. Na fesawa ya bazu daga 1960 da Right Guard na kamfanin Gillette. An zo an ƙara sinadarin zikoniyam don ƙarin ƙarfi, amma a 1977 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana saka shi a na fesawa saboda tsoron abin da shaƙarsa zai yi wa huhu. Da abin ya daina ƙona fata, tsohon umarnin nan na dare sai ya ɓace daga jikin yawancin kwalabe.

Wani abin mamaki, duk tsawon shekarun nan ana sayarwa ba a san takamaimai yadda yake aiki ba. An daɗe ana cewa tsuke ƙofofin fata yake yi. A 1967 Christopher Papa da Albert Kligman suka kawo ra'ayin cewa gishirin yana sa bututun zufa ya riƙa yoyo, ruwan ya koma cikin fata kafin ya iso waje. Sai a 1979 binciken Erhard Hölzle da shi Kligman ɗin, da wasu da suka biyo baya, ya tsayar da bayanin da aka yarda da shi yanzu. Gishirin yana narkewa ya gangara cikin bakin siririn bututun da zufa ke bi. A can ciki asid ɗinsa yana raguwa, sai alminiyam ɗin ya haɗu da furotin da ke cikin zufa da jikin bututun, ya daskare ya zama wani abu mai kauri kamar kamu. Wannan ne matoshin. Ba ya dawwama: fata tana sabunta kanta, zufa na turo shi, bayan 'yan kwanaki ya fita.

Da zarar an gane haka, umarnin Odorono ya daina zama dabarar kare riga kawai. Matoshin yana buƙatar awa shida zuwa takwas kafin ya kafu, kuma yana buƙatar bututun ya zama ba ruwa na bulbulowa. Da dare, lokacin barci, zufar hammata ta fi raguwa. Wanda ya shafa da safe, jiki da sauran danshin wanka, ya fita rana ya hau babur, zufar farko ce za ta wanke gishirin kafin ya shiga. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa ya gwada kala biyar duk na banza ne. Walter Shelley da Harry Hurley, likitocin fata a Filadelfiya, sun nuna tun 1975 cewa shafawar dare a busasshiyar fata ce ke tsaida zufar hammata mai tsanani.

Don haka ga mai fama da yawan zufa: ya duba jikin kwalbar ya ga kalmar "antiperspirant" ko "aluminium" a jerin sinadaran. Ya shafa da dare, bayan hammatar ta bushe ƙayau, ba da yawa ba. Da safe ya yi wankansa kamar kullum, ruwa ba zai cire matoshin ba tunda yana ciki. In yana so ya ƙara mai ƙamshi a kai. A watannin Maris da Afrilu a ƙasar Hausa, da dare ma zufa ake yi, musamman in ba wuta, to sai a jira jiki ya huce bayan wankan dare, a busar da wurin da fanka ko mafici tukuna. Idan na kanti bai wadatar ba, akwai masu ƙarfi a shagon magani, irin su Driclor da Drysol masu kashi 20 cikin 100 na alminiyam kulorayid, wato tsohon gishirin Stillians. Su ana shafa su kowane dare har zufar ta lafa, sannan a koma sau ɗaya ko biyu a mako, a wanke da safe. Kada a shafa a fata mai rauni ko wadda aka aske, sai an bar kwana ɗaya zuwa biyu. Shafa su a jiƙaƙƙiyar fata shi ne ke kawo raɗaɗin da ke sa mutane jefar da kwalbar.

Yawan zufa da ya wuce buƙatar jiki cuta ce da likitoci suka sani, suna kiranta haifahaidurosis. Wani bincike na 2016 ya ƙiyasta kashi 4.8 cikin 100 na Amurkawa na da ita. Takan fara tun ƙuruciya, a hammata ko hannu ko ƙafa, dama da hagu daidai, kuma takan tsaya idan an yi barci. Ɗalibin da takardar jarrabawa ke jiƙewa a hannunsa, ko wanda ke gudun musabaha bayan sallah, ba ƙazanta ke damunsa ba. Idan gishirin ya gaza, akwai na'urar da ke tura lantarki mara ƙarfi ta cikin ruwa zuwa hannu ko ƙafa, akwai allurar Botox da aka amince da ita don hammata a Amurka a 2004. Amma zufar da ta fara kwatsam a jikin babba, ko ta dukan jiki, ko ta dare mai jiƙa zanin gado, ballantana in da rama ko tari ko zazzaɓi, wannan ba ta rol-on ba ce. Tarin fuka, ciwon maƙoƙo mai sa jiki gudu, faɗuwar suga, da ɗaukewar al'ada duk suna kawo ta, asibiti ake kai ta.

Tsohon tsoron zamanin Edna bai mutu ba, kama ya sauya. Wajen 1999 wani saƙon imel ya zagaye duniya yana cewa tare zufa na tara guba ya jawo kansar mama. Zufa dai ba ita ce hanyar fitar da guba ba, aikin ƙoda da hanta ne, kuma hammata ɗan ƙaramin yanki ne, sauran fata na ci gaba da sanyaya jiki. A 2002 wani bincike ya kwatanta mata 813 masu kansar da 793 marasa ita, bai ga alaƙa ba. Wani na 2001 ya auna cewa kashi 0.012 cikin 100 kacal na alminiyam ɗin da aka shafa ke ratsa fata. Gargaɗin da ke da tushe shi ne wanda hukumar Amurka ta wajabta a 2003, cewa mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya yi amfani da shi, tunda ƙoda ce ke fitar da alminiyam daga jini.

Masu gudun alminiyam da yawa sukan koma wani farin dutse da ake tallatawa a matsayin na asali. Dutsen nan alif ne, wanda wasu ke kira alimun, shi dai wanda ake jefawa a ruwa ya kwantar da laka, kuma wanda mutane a ƙasashe da dama, daga ƙasar Larabawa zuwa Filifin, suka daɗe suna gogawa a hammata. Shi ma gishirin alminiyam ne. Yana rage wari, amma wajen tare zufa bai kama ƙafar na kwalba ba.

Rawayan tabon da ke fitowa a hammatar farar shadda kuma ba zufa kaɗai ke yin sa ba, haɗuwar alminiyam ne da furotin na zufa a jikin zare. Wanda ya shafa da dare ya wanke da safe, kafin ya saka rigar babu sauran gishiri da yawa a saman fata da zai hau yadin.