Zinaren Ajiya na Najeriya da na Ghana

Zinaren ajiya shi ne wanda babban bankin ƙasa ke adanawa tare da kuɗaɗen waje, domin kare darajar kuɗinta da biyan buƙatun gaggawa. Ana auna shi da tan, amma da dala ake kimanta shi. Saboda haka darajar ajiyar ƙasa na iya ninkuwa ba tare da an ƙara mata ko ƙwayar gero ba.

Abin da ya faru da Najeriya ke nan. Shekaru da dama Babban Bankin Najeriya yana riƙe da kimanin tan 21.4. A 1999, lokacin da farashin oza ɗaya ta zinare ya faɗi zuwa wajen dala 250, wannan ajiya ba ta kai dala miliyan 200 ba. A ƙarshen 2024, da oza ta kai wajen dala 2,600, ta doshi dala biliyan 1.8. Kasuwar duniya ce ta yi aikin.

Ghana kuwa, wadda ke haƙo fiye da tan 100 a shekara, ta daɗe da tan 8.7 kacal a rumbu, ƙasa da rabin na Najeriya. Abin mamaki ne ga ƙasar da Turawa suka laƙaba wa sunan zinare. A Yunin 2021 Babban Bankin Ghana, ƙarƙashin gwamnansa Ernest Addison, ya fara sayen zinare daga masu haƙa na cikin gida, yana biya da sidi, kuɗin Ghana, maimakon dala. Ƙasar ta kasa biyan bashin waje a Disamban 2022, sidi ya karye, amma ba a daina saye ba. Ajiyar ta kai tan 19.5 a ƙarshen 2023, sannan tan 30.5 a ƙarshen 2024, wato kimanin dala biliyan 2.5. A lokacin zinare ya haura rubu'in dukkan ajiyar waje ta Ghana, alhali a Najeriya mai dogaro da dalar man fetur bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Najeriya ma ta gwada irin wannan hanya, har ta riga Ghana, kuma jihar Kebbi na cikin wuraren da aka fara. A ƙarƙashin shirin gwamnati na haƙar zinare mai suna PAGMI an yi wa masu haƙar gargajiya rajista a Yauri a 2020, zamanin Gwamna Atiku Bagudu. A Yulin shekarar aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinare mai kilo 12.5, wadda Babban Banki ya saya a kan naira miliyan 268. An yi shagali, sai dai lissafi ba ya jin kunya: sanda 80 irin wannan ne ke cika tan ɗaya, kuma abin da Ghana ta ƙara cikin shekara uku da rabi ya zarce sanda 1,700.

Kowace ƙasa ta ɗanɗana kuɗar haƙar. A Zamfara gubar dalma daga wuraren niƙa duwatsun zinare ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, kuma rashin tsaro ya sa gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019. A Ghana haƙar bayan fage da ake kira galamsey ta gurɓata kogunan Pra da Ankobra, ta cinye gonakin koko masu yawa.