Kwal ɗin Obi da Tsiron da Bai Kai Tsawon Yatsa Ba

'Yan uwa, duk lokacin da aka tada zancen kwal ɗin da ke kwance ƙarƙashin ƙasar Obi, maganar takan tsaya ne a kan Ajaokuta. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta turo masu bincike suka yi ta haƙa a yankin nan, domin kwal ɗinmu yana cikin 'yan kaɗan a Nijeriya da za a iya gasawa a narka ƙarfe da su. An same shi da yawan toka da farar wuta, ita kuma masana'antar har yau ba ta tashi ba. Wannan mun sani. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: daga ina baƙin dutsen nan ya fito?

Itace ne. Kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, bayan Afirka ta rabu da Kudancin Amurka, teku ya shigo kwarin Binuwai, dazuzzukan fadama suka tsiro a bakinsa. Bishiyoyi suka mutu cikin ruwa, laka ta binne su, nauyi da zafi suka mai da su kwal irin wanda ake gani a gaɓar kogin Dep wajen Jangwa.

To amma itace kansa yana da mafari. Tsirran farko a doron ƙasa irin gansakuka ne, a kwance suke, ba sa iya nisa da danshi. Wajen shekara miliyan 430 baya sai ga wani ɗan tsiro da masana suke kira Cooksonia. William Lang ne ya bayyana shi a 1937 daga duwatsun Birtaniya, ya sa masa sunan abokiyar aikinsa Isabel Cookson. Ba ganye, ba fure, ba iri, sai siririn kara mai rabuwa biyu, da 'yar jaka a kai mai watsa ƙwayoyi kamar ƙura. Da a gona muka gan shi, ko tsayawa ba za mu yi ba. Amma a cikin karan akwai jijiyoyi masu jan ruwa zuwa sama, kuma bangonsu yana da tauri. Wannan taurin ne ya ba tsiro damar miƙewa tsaye, daga baya ya zama katako.

A karya rake ko karan dawa a duba zaren da ke ciki, su ne waɗannan jijiyoyi. Doyarmu da rogonmu da ɗorawa duk da su suke sha.

Cooksonia ba ta ga fadamun Obi ba, ta riga su ɓacewa da shekaru sama da miliyan 300. Jikokin danginta ne suka cika su. Muna ganin ya kamata ɗalibanmu na sakandare su riƙe wannan lissafi tun kafin wani kamfani ya zo da takardar haƙa, domin masana sun ƙiyasta cewa sai an tara ruɓaɓɓen tsiro mai kaurin mita da yawa kafin a samu mita ɗaya na kwal.